Rigunan Baƙo, Hannun Doguwa

Kuskuren Doguwa ɗaya ne, kuma tun ranar da ta sauka a Samaru ta tafka shi. Ta goge riga.

Ba wanda ya sa ta. Ta iso gidan ƙanenta Baƙo da hantsi, ɗauke da ƙullin kaya, da tsarabar daddawa da busasshiyar kuɓewa, da wata takarda da malamin asibitin ƙauyensu ya rubuta mata ta kai wa manyan likitoci a Shika. Hannunta na dama ne ya fara sagewa, yatsu uku suna yi mata kamar tururuwa na yawo a ciki. Mako biyu ta ce za ta yi, a duba ta, ta koma. Ta sha ruwa, ta gaisa da Hope matar Baƙo, tana cikin ba ta labarin mutanen gida sai idonta ya faɗa kan wata farar riga a kan kujera, a cukurkuɗe.

"Amaryarmu, wannan fa? Tsumman goge mota ne?"

Hope ta ce, "Haba Yaya! Rigar Oga ce ta ofis. Kwana biyu ba wuta, ni kuma guga ta fi ƙarfina. Da in goge riga ɗaya gara a ba ni gero buhu guda in daka."

Doguwa ta yi dariya har da riƙe ciki. Ita dama haka take, shekararta hamsin da bakwai amma ko kaza ta gani ta yi tuntuɓe sai ta ƙyalƙyale. Marigayi mijinta wanki da guga ya yi har ya bar duniya, a gefensa ta koyi aikin. Ta tashi ta shiga lalube, ta samo wani tsohon dutsen guga na gawayi da aka tokare ƙofar kicin da shi. Ta hura gawayi, ta dama sitati da garin rogo, ta tsoma rigar, ta shanya ta sha iska, sannan ta shimfiɗa bargo a ƙasa ta durƙusa. Da ta gama, kwalar rigar nan ta miƙe tsaye, karin hannun kuwa kai ka ce zai yanka albasa.

Baƙo ya dawo daga aiki da la'asar. Bai ko gama gaishe da yayarsa ba ya hango rigar a rataye. Ya zagaya ta sau uku kamar mai shirin taya saniya, ya ɗan taɓa kwalar da yatsa, ya ja da baya.

"Yaya, ke kika yi wannan? Da hannun da aka ce ba shi da lafiya?"

"Da shi fa, Auta. Ka ga kenan in an gyara shi sai in goge maka har inuwarka."

Duk suka kwashe da dariya, aka ci tuwo da miyar kuɓewa, aka sha hira. Washegari Baƙo ya dawo baki har kunne. Wai tun daga bakin ƙofar ofis ake tambayarsa inda yake kai guga, har shugaban sashensu ya tsayar da shi ya shafa kwalar. Ya buɗe durowa ya fito da rigunansa na shat goma sha huɗu, ya zube su a gaban yayarsa, ya ce ta ɗan taɓa masa su in ta samu sarari, ba gaggawa.

Hannun nan ba don tuwo kaɗai Doguwa ke son sa ba. A cocinsu na ƙauye ita ke kaɗa wa Zumuntar Mata tulu, shekara talatin kenan. Tulun ƙasa ne, ana dukan bakinsa da hannu, in ta ɗora nata a kai tsofaffi ma ajiye sanda suke yi su faɗa fili. Bayan Ista akwai babban taron Zumunta na yankinsu, kuma matan sun rako ta har bakin mota suna jaddada mata ta je a gyara musu hannunsu ta dawo. Wata biyar ne tsakani, ita a ganinta lokaci har ya yi yawa.

Ranar Talata ake ganin masu irin ciwonta a Shika. Talatar farko Baƙo yana da taro a ofis. Ta biyu mota na wurin makanike. Doguwa ta ce ba komai, a nuna mata inda ake shiga motar haya, ai Shika ba Legas ba ce. Baƙo ya dafe ƙirji.

"Yayata, wadda ta goya ni, a motar haya? Ina raye? Mutanen coci su ce me? Kawo takardar nan ma in adana miki, kada yaran maƙwabta su yi wasa da ita."

Ya karɓi takardar ya ninke ya sa a jakarsa ta ofis. Doguwa ta ji daɗin maganar goyon nan har cikin ranta, ta koma kan bargonta tana murmushi.

A gaskiya ba za a ce Baƙo bai damu da wahalar yayarsa ba. Kullum cikin tunanin yadda zai sauƙaƙa mata yake. Da ta ce dutsen gawayi na da nauyi, washegari sai ga na lantarki a kwali. Sai dai shi na lantarki ba shi ke da kansa ba, masu wuta ke da shi. Da yaran unguwa sun yi ihun "An kawo wuta!" Doguwa za ta tashi a guje, ko loma ce a hannunta ta ajiye, ko wanka ta fara ta ɗaura zane ta fito da kumfa a kunne. Ranar wata Lahadi har sun kai bakin ƙofa za su coci aka kawo wuta. Hope ta dube ta, ta dubi tarin kaya, ta ce, "Yaya, ai Allah yana ko'ina. Za mu yi miki addu'a." Suka tafi suka bar ta tana rera waƙar Zumunta ita kaɗai tana bin hannun riga.

Da ta ce gwiwoyinta sun gaji da durƙuso, aka sayo teburin guga mai naɗewa. Ranar farko teburin ya naɗe da ita, ta zube ƙasa, riguna suka rufe ta, ta yi ta dariya a ƙarƙashinsu har Hope ta zaci kuka take. Da ta ce yayyafa ruwa da yatsu ya fara gagarar ta, aka kawo robar fesa ruwa. Ita kuwa robar sai an matsa ta da yatsun nan uku da ke ciwo, amma wa zai raina kyauta?

Kowane sauƙi kuma da ɗan rakiyarsa yake zuwa. Tunda guga ta yi sauƙi, Baƙo ya ga ba dalilin da zai sa riga ɗaya ta wuni a jikinsa, sai ya riƙa dawowa da rana yana sauyawa. Tunda ga tebur, Hope ta ga ai zannuwan gado da labule ma bayin Allah ne. Sannan ga abokan aikin Baƙo biyu, Lanre da Eric, da suka dame shi da yabon kwala. Baƙo mutum ne mai son a ce ya kyauta. Ya ce su kawo, yayarsa ba ta son zaman banza, guga ce hutunta. Ranar Juma'a sai ga buhu biyu a bayan mota.

Doguwa ta leƙa buhun ta ce, "Auta, waɗannan kuma 'ya'yan wa ne? Ban san ka haifi masu gemu ba."

"Zumunci ne, Yaya. Ke kika koya mini alheri danƙo ne."

"Na koya maka. Ban dai ce ka liƙa shi a bayana ba."

Ya yi dariya, ta yi dariya, buhunan suka shige ɗakinta.

Hope ma ba a bar ta a baya ba. Wata rana ta shigo da gudu riƙe da waya, ta ce ta samo maganin guga gaba ɗaya. Wani Bature ne a cikin wayar, sanye da farar riga, yana nuna yadda ake goge shat a minti uku. Kwala tukuna, sai bakin hannu, sai hannu, sai kafaɗa, sai baya, a ƙare da gaba. Wai a goge tun rigar na da ɗan danshi, kuma a shimfiɗa takardar nan mai ƙyalƙyali da ake naɗe gasasshen kifi a ƙarƙashin mayafin tebur, zafi ya riƙa bugowa ta ƙasa.

Doguwa ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Sannunsa da ƙoƙari. Kwalar nan ya fara ta daga tsakiya, za ta tattare a baki, daga gefe ake shigowa. Amma ki tambaye shi, amaryarmu, riga nawa yake gogewa a rana?"

"Ɗaya ya nuna."

"To ni ma ki ba ni ɗaya ki ga minti biyu."

Hope ta yi dariya har da hawaye, ta ce Yaya ba ta da dama. Sannan ta lissafa a bakinta cewa in riga minti uku ce, ai riga ashirin awa ɗaya ce kacal, ta tafi kicin ta yago takardar kifi ta kawo.

Kirsimeti ya zo ya wuce a kan teburin guga. Sabuwar shekara ma haka. Doguwa ta fara lura da abubuwan da ba ta gaya wa kowa. Kofi ya suɓuce mata sau biyu. Allura ta faɗi, ta bi ta da yatsu ta kasa ɗauka. Naman gindin babban yatsanta ya lotsa. Wata rana da gidan ba kowa ta kifa bokiti a bayan ɗaki, ta gwada kiɗan da take yi tun tana amarya. Hannun hagu ya tafi daidai, na dama ya riƙa zuwa a makare, yana faɗuwa tim kamar ba nata ba. Ta zauna a kan bokitin. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka ce mijinta ba zai tashi ba.

Da yamma ta tare Baƙo. Wannan karon ba ta yi wasa ba.

"Auta, hannun nan mutuwa yake yi. Ka ba ni takardata."

Baƙo ya ajiye jaka, ya kama hannun da nasa biyu, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce shi ne mai laifi, aiki ne ya sha masa kai, ga ganawar ƙarin girma da ke tafe. Ya rantse Talata mai zuwa ko sama za ta haɗu da ƙasa sai ya fita da ita.

Talata Doguwa ta riga zakara shiri. Ta yi wanka, ta shafa mai, ta ɗaura zanen Zumunta, wanda ba ta sawa sai ranar girma. Ta shiga gaban mota tana ɗaga wa maƙwabta hannu kamar mai tafiya Urushalima. Suka fito babban titi. Motar ta ba Shika baya, ta miƙe ta nufi Kwangila.

"Auta, ko sun ɗauke asibitin ne?"

Baƙo ya ce, "Yaya, na yi tunani jiya. In mun je, me likita zai ce? Cewa zai yi ki hutar da hannun. To ni zan riga shi. Maganin ciwo a kashe tushensa. Akwai wani dutse a Sabon Gari, shi ke yin aikin da kansa, ke rakiya kawai za ki yi masa. Mu ɗauko shi, Talata mai zuwa sai mu je Shika da hannun da ya huta."

Ta so ta yi fushi, amma kasuwar Sabon Gari ba ta bar ta ba. Rabonta da ganin jama'a haka tun saukarta. Ga masu atamfa, ga masu kifi, ga kiɗa na tashi daga kowane shago, ta yi ta waige-waige tana tambayar sunan komai. Shagon wani Ogbonna suka shiga, mai sayar da kayan lantarki, ƙato mai fara'a, wanda Hausarsa ba ta san mace ba.

"Oga Bako! Sannu da zuwa. Mama, ka zauna, ka zauna. Wannan ba dutse ba ne, Mama, jirgi ne. Ka zuba ruwa nan, ka danna nan, shikenan, riga ya miƙe da kansa."

Ya tayar da janareta, ya jona dutsen, ya danna. Tururi ya feso fuu! Doguwa ta yi tsalle ta bayan kujera tana kiran sunan Yesu, masu shagunan kusa suka leƙo, kowa na dariya, ita ta fi kowa. Ta ce lallai wannan dutsen mura yake yi, a ba shi citta. Ogbonna ya shimfiɗa wani ƙyalle ya miƙa mata ta gwada. Ta kama, ta ɗaga, dutsen ya zame daga hannunta ya daki ƙasa, saura ƙiris ya sauka a ƙafar mai shago.

Ogbonna ya daina dariya. Ya dubi hannun, ya dubi Baƙo.

"Oga, hannun Mama ba lafiya fa. Ka kai shi asibiti."

"Muna kan hanya," in ji Baƙo.

"Asibiti yana baya, Oga."

Baƙo ya ce a sa masa sabo a kwali. A hanyar dawowa ya saya mata tsire da lemo mai sanyi, ya yi ta ba ta labarin yadda ta taɓa kore masa wani kare da muciya suna yara. Ta ci tsiren da hannun hagu, ta yi dariyar karen, ta kalli kwalin da ke kan cinyarta. Naka sai naka, in ji masu magana, daɗin zama sai bare.

Jirgin Ogbonna ya fi duk sauran nauyi, don da ruwa a cikinsa yake aiki. Talata uku suka ƙara wucewa. Ista ya wuce, ya rage kwana goma a yi taro.

Ranar Asabar da la'asar aka kawo wuta. Litinin ce ganawar Baƙo, don haka ya fito da wata sabuwar farar shat, ya miƙa wa yayarsa da hannu biyu, ya ce ƙarin girmansa na hannunta. Ya koma falo ya kunna ƙwallo. Doguwa ta gama kwala, ta gama hannu ɗaya, sai 'yar wayarta ta yi ƙara. Saraya ce, shugabar Zumunta.

"Doguwa! Kina raye? Birni ya cinye ki? Ga mu a coci muna gwaji, an ba Rifkatu tulunki tana dukansa kamar ya ci mata kaza. Saurara ki ji abin kunya!"

Sai waƙa ta ɓarke a cikin wayar, muryoyin mata talatin, da kacau-kacau, da tulu yana bin su a baya yana ɗingishi. Daɗi ya kama Doguwa har ta rasa inda za ta sa kanta. Ta tsayar da dutsen a kan gindinsa, ta manna waya a kunne da hannun hagu, ta dafa na dama a gefe, ta shiga amshi da ƙarfi tana rausaya kafaɗa.

"Rifkatu! Ba haka ba! Biyu a sama, ɗaya a ƙasa! Ki bar shi ya numfasa, ba ɓarawo kika kama ba!"

Matan suka yi shewa, suka sake ɗaukowa daga farko. Saraya ta yi ihu ta cikin waƙar, "An gyara mana hannun?" Doguwa ta ce saura kaɗan, su ajiye mata kujerarta. Ta bi su baiti ɗaya, ta bi na biyu, idonta a rufe, ƙafarta na buga ƙasa.

Sai ta ji ƙauri.

Ta saki wayar. Kafin ta motsa Baƙo ya faɗo ɗakin a guje, ƙafa ba takalmi.

"Rigata! Yaya, rigata!"

Ya fizge ta daga kan tebur, ya ɗaga ta saitin taga, ya duba gaba, ya duba baya, ya leƙa ƙarƙashin kwala. Fara tas. Ya sauke numfashi ya ce, "Mun gode Allah." Doguwa ma ta ce, "Mun gode Allah, Auta, ba ta ƙone ba." Suka tsaya su biyu suna shinshina iska, suna neman abin da ke ƙauri.

Hope ce ta shigo ta gani, ta ƙwalla ƙara. Yatsun Doguwa uku na jingine a fuskar dutsen tun farkon waƙa. Doguwa ta janye hannun, fata ta rage a jikin ƙarfen. Ta ɗago yatsun kusa da idonta tana kallo, ba ta jin komai, ko ɗis. Ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Ashe ni ce." A ƙasa wayar na ta waƙa.

A ranar aka kai ta wani ƙaramin asibiti a Samaru aka wanke ƙunar aka naɗe. Litinin Baƙo ya je ganawarsa da rigar, Hope ta ƙarasa goge hannun rigar da ya rage tana tsaki. Talata kuwa, da yake mai wanke ƙunar ya yi musu faɗa a gaban mutane, motar ta fito babban titi ta fuskanci Shika. Tafiyar ba ta kai minti ashirin ba. Doguwa ta yi ta mamakin kusancin wurin.

Likitar mace ce, Bibiana sunanta, siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Baƙo ya shiga gaba ya zauna, ya fara da ba ta haƙuri a kan yadda ta gan shi, wai rigar ba guga, gidan ne a hargitse kwana biyu. Likita ba ta ko dubi rigar ba. Ta karɓi takardar da ya ciro daga jaka, ta duba kwanan wata, ta ɗago kai.

"Tun watan Nuwamba aka turo ta. Yau muna Afrilu. Daga ina kuke?"

"Samaru," in ji Baƙo. "Likita, kin san yanayin aiki. Amma ba mu bar ta haka ba. Duk abin da zai sauƙaƙa mata mun saya."

"Sauƙaƙa mata me?"

Hope ta ce, "'Yar guga ce take taɓawa, don kada ta gaji da zama."

Likita ta kwance bandejin, ta duba ƙunar, ta latsa gindin babban yatsa inda ya lotsa. Ta ɗauko wata 'yar allura, ta ce wa Doguwa ta rufe ido, ta faɗa duk inda ta ji. Ta bi yatsun da tsini, sama da inda ya ƙone. Doguwa ta yi ta jiran a fara, sai ta ji an ce ta buɗe ido, an gama.

Likita ta yi bayani a hankali. Jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Da an zo da wuri, ƙaramin aiki ne. Yanzu ma za a yi aikin, amma jijiyar ta daɗe a matse, ba ta yi alkawarin ji ko ƙarfi zai dawo ba.

Doguwa ta ce, "'Yata, ina kaɗa tulu a coci. Saura mako ɗaya taronmu."

Likita ta cire tabarau ta ce, "Mama, ba bana ba. Ba zan yi miki ƙarya in ce baɗi ba."

Doguwa ta gyaɗa kai. Ta danne baƙin cikinta, don ba ta saba kuka a gaban ƙanenta ba. Baƙo kuwa ya rufe fuska da hankici, kafaɗunsa na rawa. Ya jima haka. Sannan ya share ido, ya matso da kujera, ya yi ƙasa da murya.

"Likita, na hagun fa? Shi lafiyarsa ƙalau ko?"

Hope ta ce, "Eh, a duba mana shi. Ogbonna ya ce akwai wani dutse na tsaye, a hanga ake barin rigar, hannu ɗaya ma ya isa."

Likita ta dubi miji, ta dubi mata, ta mayar da tabaraunta. Ta ce, "Kawo hannun, Mama. Rufe ido."

Doguwa ta miƙa hannun hagu. Tsinin ya sauka a kan babban yatsa, zafin ya tafi har ƙeyarta. Lafiyayyen hannu ne, garau, shi kaɗai ya rage mata a duniya. Da shi za ta ci tuwo, da shi za ta ɗaura zane, da shi wataƙila za ta riƙe kacau-kacau a bayan Rifkatu. Tunda take ba ta taɓa yi wa Baƙo ƙarya ba, ko ta wasa.

"Kin ji?"

"Ban ji ba."

Allura ta koma yatsa na biyu. Doguwa ta cije haƙori.

"Nan fa?"

"Ban ji ba, 'yata."

Na uku, na huɗu, har ɗan ƙaramin. Kowanne sai ya ɗan zabura a tafin likita, kowanne Doguwa ta ce ba ta ji ba. Hawaye ɗaya ya ɓullo ta ƙarƙashin rufaffen idonta. Likita ta ga zaburar, ta ga hawayen. Ta ajiye allurar, ta riƙe hannun ɗan lokaci, sannan ta jawo takarda ta fara rubutu.

"Za mu kwantar da ita yau, mu shirya aikin na dama. In an sallame ta, kada ta ƙara taɓa dutsen guga. Ba da dama ba, ba da hagu ba, ba na tsaye ba, ba na kwance ba."

Baƙo ya jingina da kujera, jikinsa ya yi sanyi fiye da lokacin da aka ce yayarsa ta rabu da tulu. Ya sunkuya ya dubi gaban rigarsa, ya shafa wata tattara da tafin hannu, ta ƙi kwanciya. Ya ce, "Ikon Allah. Duka biyun?"

Irin su Baƙo ba su taɓa zagin kowa ba, ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. A coci kujerar gaba suke zama, kuma in ka tambaye su za su lissafa maka duk abin da suka saya don yayarsu ta ji sauƙi, ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Wata biyar suna gyara dutse, matar da ke riƙe da shi tana lalacewa a gabansu, sai da ta kai ga yin rantsuwar ƙarya a kan lafiyayyen hannunta kafin su bar mata shi.

Wata ma'aikaciya ta zo ta tafi da Doguwa ɗakin kwanciya. A hanya ta ɓoye hannun hagu cikin zane, ta matse yatsun da kyau. Duk biyar ɗin zugi suke yi, tana jin kowanne daban, tana tafe tana gode wa Allah da zafin.